Laburaren Da Ya Ƙetare Teku

Shekara biyu ke nan da rasuwar kakana, Allah ya jiƙansa. Malami ne, kuma abin da ya bari bai wuce gida da gona ɗaya da littattafai cike da adaka uku ba. Da aka zo rabon gado aka yi wa littattafan kuɗi, aka raba wa magada yadda shari'a ta ce, ba wanda aka zalunta. Amma akwai wani ƙamus na Larabci mai juzu'i huɗu wanda masu rabon ba su lura abu guda ne ba. Biyu suka faɗo rabon mahaifina, biyu suka bi baffana can garin da yake aiki. Yau in kana neman kalmar da ta fara da mimun a gidanmu, to, sai ka nemi kuɗin mota.

Wannan ne ya sa ranar da malaminmu na tarihi ya kawo labarin wani masani Bajamushe mai suna Aby Warburg na kasa kunne fiye da kullum, har na bi shi ofis na roƙi ƙarin bayani. Abin da na samo shi nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da ma tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Turai da Amurka malami ya bar wa jami'a littattafansa. A 1638 wani limamin coci, John Harvard, ya rasu ya bar wa wata sabuwar kwaleji a Amurka littafi wajen 400 da rabin dukiyarsa, shi ya sa ake kiran jami'ar da sunansa har yau. A 1764 gobara ta cinye su, guda ɗaya tak ya tsira, don yana hannun wani da ya ara bai mayar ba. (Kada wani ya ɗauki wannan hujjar riƙe littafin laburaren makarantarmu!) Haka kuma littattafan John Selden, masanin shari'a da harsunan Gabas, wajen 8,000, sun shiga babban laburaren Jami'ar Oxford a 1659. Amma duk cikinsu na Warburg ya fi tsaya mini a rai.

An haife shi a birnin Hamburg a 1866, shi ne ɗan fari a gidan wasu Yahudawa masu banki. Bisa al'ada shi zai gaji bankin. Yana ɗan shekara 13 sai ya kira ƙanensa Max, mai shekara 12, ya ce ya bar masa gadon shugabancin bankin, da sharaɗin duk littafin da ya so a rayuwarsa Max zai saya masa. Max ya ga abin banza ne, ya yarda. Bai san ya ɗauko wa kansa dala ba gammo ba, gama shekara 50 Aby ya yi yana saye, 'yan'uwansa suna biya. Kuma sun cika alkawari.

Abin da ya karanta shi ne tarihin zane-zane, musamman na ƙasar Italiya. Tambaya ɗaya ce ta dame shi duk rayuwarsa: ta wace hanya siffofi da tunanin mutanen da, wato Girkawa da Rumawa, suka rayu suka ratso zamunna har suka sake ɓullowa a Turai? Neman amsar ya kai shi ga littattafan addini, da na taurari, da na magani, da na waƙa, har da na bukukuwa da tatsuniyoyi.

Ga misali guda da zai nuna muku irin aikinsa. A garin Ferrara na Italiya akwai wata fada wadda aka zana wa bangonta watannin shekara tun ƙarni na 15, da wasu siffofin mutane waɗanda masana suka rasa gane ko su wane ne. A 1912, wajen wani taro a birnin Rum, Warburg ya nuna cewa asalinsu yana cikin littafin Abu Ma'ashar, masanin taurarin nan da ya zauna a Bagadaza ya rasu a 886, wanda aka juya aikinsa zuwa Latin. Ka ga, amsar tambayar mai nazarin zane tana ɓoye cikin littafin falaki na Larabci. Da a laburaren da aka saba ne, wannan yana gabas wancan yana yamma, mai neman ɗaya ba zai taɓa cin karo da ɗayan ba.

Saboda haka Warburg ya jera littattafansa bisa abin da ya kira dokar maƙwabcin kirki. Ma'anarta, sau da yawa littafin da kake bukata ba shi ne wanda ka zo nema ba, maƙwabcinsa ne na kan kanta wanda ba ka ma san da shi ba. Kullum yana cikin ɗauke wannan ya kai kusa da wancan, duk sa'ad da tunaninsa ya gano wata sabuwar dangantaka. A ganina wannan jeri shi ne ainihin abin da ya bari. Littafi mai kuɗi yana iya sayensa a kanti, amma sanin wanda ya kamata ya zauna kusa da wane, wannan sai wanda ya ƙare rayuwarsa yana karatu.

Daga 1918 rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ta kama shi, bai dawo gida sosai ba sai 1924. A tsakanin nan mataimakinsa Fritz Saxl ya buɗe laburaren ga malamai da ɗaliban sabuwar Jami'ar Hamburg. A 1926 aka gina masa gini na kansa. Warburg ya rasu a 1929, ya bar littafi wajen 60,000.

Sai ga 1933. Hitler ya hau mulki a watan Janairu, kafin wata uku aka fara korar Yahudawa daga aikin jami'o'i, a watan Mayu kuma aka tara littattafai a filayen biranen Jamus aka cinna musu wuta. Abin takaici, ɗaliban jami'a ne suka shige gaba wajen ƙonawar. Saxl da abokiyar aikinsa Gertrud Bing suka ga in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Da taimakon iyalin Warburg da wasu masu hali na Ingila, irin su Samuel Courtauld, aka shirya fitar da laburaren da sunan aro na shekara uku. A watan Disamba na shekarar aka loda akwati 531 cikin ƙananan jiragen ruwa biyu, Hermia da Jessica, aka nufi Landan. Littattafai, hotuna, kantoci, tebura, duk aka kwashe. Aron nan dai bai koma ba.

A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, iyalin suka miƙa laburaren kyauta ga Jami'ar Landan. To, nan ne wurin da nake roƙon iyayenmu su lura. Ba su miƙa da baki kawai ba. An rubuta takardar amana, jami'a ta ɗauki alkawarin za ta adana laburaren har abada, ta ba shi mazauni da ma'aikata, ta kuma bar shi a matsayin abu mai zaman kansa. A 1958 ya koma gininsa na Woburn Square, inda aka kasa littattafan kashi huɗu bisa tafarkin mai su: na siffa da zane, na harshe da adabi, na addini da kimiyya da falsafa, sa'an nan na tarihi da zaman jama'a.

Wani zai ce ina amfanin takarda tsakanin mutanen kirki? Amfaninta ya fito bayan shekara 70. Littattafan sun ƙaru daga wajen 80,000 a 1944 zuwa wajen 350,000, kuɗin riƙe gini a tsakiyar Landan ya yi nauyi, masana da yawa kuma suka shiga fargabar za a narkar da laburaren cikin babban laburaren jami'a, jerin nan ya watse. Jami'a ta je kotu neman fassarar takardar. Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce, alkawarin ya tsaya kan littattafan 1944 ne kaɗai, ko ya haɗa da waɗanda aka ƙara? A 2014 Babbar Kotu ta ce ya haɗa duka. Waɗanda suka sa hannu duk sun daɗe a ƙasa, takardar ce ta yi magana a madadinsu. An yi wa ginin gyara, aka sake buɗe shi a 2024.

Da na kai wa mahaifina wannan labari, sai ya yi shiru, can ya ce ai mu ma muna da hanyar, kakana ne bai bi ta ba. Da ya yi waƙafin littattafan tun yana da rai, ko ya yi wasiyya da su ga wata makaranta ko jami'a cikin sulusin dukiyarsa, da ba su shiga rabo ba. Ya ce tsoho ya sha faɗa da baki cewa kada a raba su, amma bai taɓa kiran shaidu ba, bai kuma rubuta ba.

A hutun da ya wuce na buɗe adakar da ta zo rabonmu. Gara ta riga ta taɓa biyu na can ƙasa. Na ƙirga 41, na rubuta sunayensu cikin littafin rubutu bisa yadda na tarar da su, ban sauya wa ko ɗaya wuri ba. Cikin wani littafin fiƙihu na sami 'yar takarda da rubutun hannun kakana, yana nuni ga shafin wani littafin nahawu inda aka warware wata kalma mai wuya. Na duba kaf, na nahawun ba ya cikin namu. Mahaifina ya ce in kwafi jerin kashi uku, zai ba baffannina in sun zo gida da Babbar Salla, kowa ya rubuto abin da ke hannunsa.