Hukuncin Agaza wa Wanda Ya Yi Haɗari a Hanya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Kano, ko ya ratse a Tashar Yari ya nufi Makarfi da Ikara, ya san yadda motocin rake da na tumatir da babura suke cushewa ranakun kasuwa. Idan tsautsayi ya auku, mutane kan kasu biyu. Wasu su tsaya nesa suna salati, don gudun kada a kira su shaida. Wasu kuma su ruga cikin tausayi, su ciccibi majinyaci ta hannu da ƙafa su cusa shi a mota. Shari'a tana da magana a kan kowannensu.

Game da na farko, Allah Maɗaukakin Sarki ya bayyana a cikin Suratul Ma'ida, aya ta 32, cewa raya rai guda daidai yake da raya mutane baki ɗaya. Malaman Malikiyya kuwa ba su bar maganar a matsayin falala kawai ba. Shaihu Halilu, a cikin Muhtasar, can a babin yanka inda ɗalibi ba ya zaton samunta, ya ɗora lamuni a kan wanda ya iya kuɓutar da rai daga halaka amma ya ƙi. Har ya kawo misalin mai zaren da za a ɗinke raunin ciki da shi, ya hana, majinyaci ya mutu. Masu sharhi suka ce diyya tana iya hawa kansa. To, in zare ya jawo wannan, ina ga mai mota da ya ga mutum kwance cikin jini ya ƙara wuta? Ko salla mutum yake yi, in ya ga rai zai salwanta, wajibi ne ya yanke ta.

Tsoron shaida ma ya rage ƙarfi, domin dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kira kyauta, 122.

Amma kashi na biyu su ne abin dubawa da kyau, domin niyyarsu tsarkakakkiya ce, shi ya sa ba a cika yi musu gyara ba. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir labarin wani mutum da dutse ya fasa wa kai a cikin tafiya, sai janaba ta same shi. Ya tambayi abokan tafiya ko yana da sauƙin yin taimama, suka ce babu. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya jingina kisan gare su, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Waɗannan mutane ba mugunta suka nufa ba, addini suke karewa a ganinsu. Haka nan wanda ya ɗaga mai karayar wuya ba tare da an tallafe kansa da gadon bayansa ba, yana iya mayar da shi gurgu har abada. Wanda ya ɗura wa sumamme ruwa yana iya shaƙe shi. Wanda ya shafa wa ƙuna baƙin mai ko ɗanyen ƙwai ya ƙara wa likita aiki, alhali ruwa mai sanyi da tsabta ake kwarara mata na wajen minti 20. Jini kuwa danne shi ake yi da ƙyalle mai tsabta, a riƙe ba sassautawa.

A ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Nana Faɗima ta wanke raunin mahaifinta da ruwa, da ta ga jini ƙaruwa yake yi, sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar, ya tsaya. Kada wani ya ɗauki wannan hujjar zuba toka a rauni yau. Abin koyi shi ne ta lura, ta bar dabarar da ba ta yi amfani ba, ta koma ga mafi kyawun abin da aka sani a zamaninta. Bayan shekara biyu, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, hemar Rufaida Al'aslamiyya aka kai shi, a cikin masallaci, domin ita ce ta ƙware. Wannan ya isa amsa ga masu hana 'ya'ya mata koyon jinya, da masu ƙyale mace cikin jini wai don babu muharraminta a wurin. Lalura tana halatta taɓawa gwargwadon bukata, sai dai a suturta ta, a kori masu ɗaukar hoto da waya.

Saboda haka koyon agajin farko farilla ce ta kifaya: in wasu sun koya, ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari, gari duka ya yi laifi. Tsarin kuwa yana nan. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962, tana da rundunar 'yan agaji, haka Fityanul Islam, haka Izala, ga kuma Red Cross. An san ƙoƙarinsu wajen daidaita sahu ranar Idi da tsare wuraren tafsiri, Allah ya saka musu. Sai dai fareti da kaki ba su tsayar da jini. Ga makarantar koyon aikin lafiya a Makarfi, wadda aka sani da sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, ga ma'aikatan asibitocin Ikara da Makarfi da Hunkuyi suna salla sahu ɗaya da 'yan agaji. Ya kamata kwamitin kowane masallacin Juma'a ya roƙe su darasi ko sau ɗaya a wata, a haɗa da direbobi da 'yan acaɓa, tunda su ne kan fara isa wurin haɗari, a kuma ware wani abu daga asusun masallaci a sayi bandeji da safar hannu da gadon ɗaukar majinyaci.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za a duba hukuncin ba da jini ga wanda ba a sani ba.