Kashe tsohuwar ciyawa kafin shibka a saura

Darasin wannan karo na mai shirin buɗe saura ne, watau gonar da ta yi shekaru a kwance, dabbobi na kiwo a ciki har ciyawa ta kafa gindi.

A jigawar Madarumfa yawancinmu ba mu kafta kafin shibkar hatsi. Ruwa ya sauka, sai a ɗauki sungumi, a sara, a jefa iri, a take da ƙafa. Dabara ce mai kyau. Ba ta cin lokaci, kuma ƙasar da ba a birkice ba iska ba ta kwashe ta da sauƙi. Amma sai ƙasa ta zama babu mai ita. In tsohuwar ciyawa na nan da rai, ita ce za ta fara shan ruwan farko. Saiwarta ta daɗe a ƙasa, hatsinka kuwa jariri ne. Kafin ya yi ganye uku ta rufe shi, ya yi ɗorawa, ka yi asarar iri da aikin hannu.

Ciyawar saura iri biyu ce, kuma dole ka san bambancinsu. Akwai mai mutuwa kowace kaka, irin su ƙarangiya da komayya da kyasuwa. Waɗannan daga ƴaƴa suke fitowa, hauya tana gamawa da su a noman fari. Akwai kuma mai kwana da rai a ƙarƙashin ƙasa: gamba a jigawa, kiri-kiri da aya-aya a fadamar Gulbin Maraɗi da ta Gabi da gefen tabki. Da rani za ka ga kamar sun mutu. Ba su mutu ba. Suna jiran ruwa ne, kamar yadda kake jira.

Kada ka sa wuta. Wuta ganye kawai take ci, gindin gamba na nan, kuma bayan gobara ma ya fi saurin toho. Abin da ka ƙone shi ne tarkacen da zai zama taki. Ban da wannan, wutar bazara ba ta san iyakar gona ba.

Maganin gamba shi ne tonewa. Tun cikin Afirilu, lokacin da rana ke da ƙarfi, ka sa kalme ka sare gindin daga ƙarƙashi, ka ciro shi, ka kaɗe ƙasar, ka kife shi saiwa sama. Kwana kaɗan rana ta busar da shi. Ka bar shi nan a shimfiɗe. Zai tare rairayi, ya rage zafin ƙasa, gara kuma ta ja shi ciki. Kiri-kiri ya fi wuya. Duk guntun da ka bari mai gaɓa, sabon tsiro ne. Saboda haka kada ka daddatsa shi. Ka ja shi da tsawonsa, ka tara waje guda, ka ba jaki ko tumaki. Aya-aya kuwa sai an tono ƙwayarta, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Yanzu wasu na sayen maganin feshi mai suna gilifosat, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1974. Can ma, masu shibka wa barewa abinci a bakin daji ba tare da kafta ba, da shi suke fara kashe tsohuwar ciyawar kiwo. Amma ka san yadda yake aiki. Ta ɗanyen ganye yake shiga, ya gangara zuwa saiwa. Fesa shi a kan busasshiyar ciyawa zubar da kuɗi ne. Sai ruwa ya sauka, ciyawa ta yi toho kamar taƙi guda, sannan a fesa da safe, babu iska, babu hadari. Ciyawar tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta bushe. Ba ya kashe ƴaƴan da ke cikin ƙasa, don haka noman fari da maimai suna nan. Mu dai a ganinmu, mai eka ɗaya da ƴaƴa a gida, kalme ta fi masa. In ka zaɓi feshi, ka nuna wa malamin gona kwalbar tukuna, ka rufe jikinka, ka kau da dabbobi, kuma kada ka wanke famfon feshi a tabki ko kusa da rijiya.

Ba duk abin da ke saura ake cirewa ba. Ka bar layin gamba a iyakar gona, musamman ta gabas inda hadari ke tasowa. Yana karya iska, ka samu zana, fakara da zabin daji su samu wurin ƙwai. Kututturen sabara da kalgo masu toho ma ka bar su, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, wanda ya bazu daga ƙasar Maraɗi tun shekarun 1980.

Kafin ka sa kalme, ka tabbata saurar taka ce. Makiyayar gari da burtali ba gonar kowa ba ce. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare su. In akwai shakka kan iyaka, ka je wurin mai gari da kwamitin ƙasa tun da rani, kafin rigima ta tashi tsakaninka da makiyayi da damana.

In ƙasa ta yi tsabta, ka jira ruwan da ya jiƙa ta sosai, kamar milimita 20. Ka sara rami metir ɗaya tsakani, watau rami 10,000 a hekta. Bayan mako biyu zuwa uku ka rage, ka bar ƙafa uku a kowane rami. Ranar ragin, ka riƙe kalme a hannu. Duk gindin gamba da ka ga ya farfaɗo, ka ciro shi nan take.