Yadda Ake Zaɓen Giya a Motar Gudu: Ta Hannu Ko Otomatik

A shekarar 2013 kamfanin Porsche na Jamus ya fito da sabuwar 911 GT3 babu kulocin takawa, babu sandar giya ta hannu, sai giyarsa mai canza kanta da ake kira PDK. Injiniyoyin kamfanin suna da hujja, domin babu hannun ɗan Adam da zai canza giya da saurinta. Masu sayen motar kuwa suka yi ca a kansu. A 2016 aka ƙera 911 R mai giyar hannu, guda 991 kacal, kafin ka ce kwabo an wawashe su, waɗanda suka samu kuma suka riƙa sayarwa da riba mai tsoka. A 2017 kamfanin ya sauko, ya mayar da giyar hannu cikin GT3 ga mai so. Wato mutane suka zuba maƙudan kuɗi don su samu motar da ta fi jinkiri. Duk wanda zai zaɓi giya a motar gudu, daga nan ya kamata ya fara tunani.

Abu na farko, ka ajiye maganar sauri, don an riga an yanke ta. Waɗanda suka koyi tuƙi da Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna sun taso da sanin cewa otomatik mota ce mai nawa, mai shan mai, ta raggwaye. A lokacin gaskiya ne, giya uku gare ta. Amma tun 1989, da Nigel Mansell ya ci tseren Formula 1 na Barazil a cikin Ferrari mai canjin giya daga bayan sitiyari, al'amarin ya fara juyawa. A GT3 ta 2021, alƙaluman Porsche sun nuna mai PDK tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.4, mai giyar hannu kuma 3.9. Lamborghini ta yi sallama da giyar hannu a 2013 tare da Gallardo. Corvette ta Amurka, tun daga samfurin 2020, ba ta zuwa da giyar hannu ko kaɗan. Inda tsohuwar maganar take da sauran rai shi ne a ƙananan motoci. Toyota ta ce GR86 mai giyar hannu tana kai mil 60 a awa cikin daƙiƙa 6.1, mai otomatik kuma 6.6. Saboda haka idan lokacin zagaye a filin tsere kake nema, kuma motar babba ce, ɗauki otomatik, magana ta ƙare. Idan kuwa daɗin tuƙi ne ya kawo ka, to mu ci gaba.

Sai ka duba ko ma akwai zaɓin. Honda Civic Type R da tsohuwar S2000 da giyar hannu kawai suka zo. Nissan GT-R ta 2007 zuwa gaba ba ta taɓa samun ta hannu ba. Toyota Supra ta fito a 2019 da otomatik kaɗai, sai a 2022 aka ƙara ta hannu. Wani wurin kuma zaɓin yana zuwa da sharaɗi. BMW M3 ta 2021 mai giyar hannu tana da ƙarfin doki 473 a lissafin Amurka, kuma tayoyin baya ne kawai ke ja. In kana son mai 503, ko mai jan taya huɗu, dole ka haƙura da kuloci.

Daga nan ka tambayi wace irin otomatik ce, domin sunan ɗaya ne amma halin ya sha bamban. Akwai ta gargajiya, wadda man giya ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa shi ga giya ta tsakanin fankoki biyu. Wannan ita ce a da ake zagi, kuma ita ce ta fi kowace gyaruwa. Mai giya takwas ta kamfanin ZF, da ke cikin Supra da BMW M3 ɗin da aka ambata, tana da laushi a cikin gari, tana da zafin nama a buɗaɗɗiyar hanya. Ford Mustang tana da irinta mai giya goma. Akwai kuma mai kuloci biyu, irin PDK ta Porsche da DSG ta Volkswagen, wadda ta fara fitowa a Golf R32 a 2003. A cikinta kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6. Kana cikin giya ta biyu, ta uku ta riga ta shiga tana jira, sai kawai kuloci ɗaya ya saki, ɗayan ya kama. Shi ya sa canjin yake kamar ƙiftawar ido. Ta ukun ita ce ya kamata mai sayen tsohuwar mota ya yi hattara da ita: giyar hannu ce ta ainihi mai kuloci ɗaya, aka sa kwamfuta ta riƙa taka shi. Ferrari F355 ta 1997 da BMW M3 ta farkon shekarun 2000 mai SMG suna cikin wannan sahu. In ta canza giya sai kanka ya yi gaba ya dawo, kuma tana cin kuloci a cikin gari. A ganina ita ce ta haɗa wahalar ɓangarorin biyu.

Yanzu ka zauna ka lissafa hanyoyin da za ka bi da motar, na gaskiya, ba na mafarki ba. Kowa yana hango kansa a hanyar tsaunuka mai lanƙwasa da asubahi, alhali yawancin tuƙinsa daga gida ne zuwa wurin aiki. Kulocin motar gudu ya fi na ƙaramar mota tauri, saboda ƙarfin da yake riƙewa. Awa guda a gosulo kana takawa kana saki, gwiwar hagu za ta gaya maka. Mai kuloci biyu ita ma ba ta son jan ciki a cunkoso, domin kulocinta yana zamewa ne yana ɗaukar zafi, ko da yake ba ƙafarka ce ke wahala ba. A gosulo ta gargajiyar nan ce sarauniya. Ka kuma tuna wa zai tuƙa motar bayan kai. A Ingila, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik lasisinsa bai ba shi damar tuƙa mai giyar hannu ba. Idan motar ita ce ɗaya tilo a gidan, wannan lissafin ya fi duk sauran nauyi. Idan ta ranar hutu ce, akwai wata ta zuwa aiki, to sassauta shi.

Matakin da mutane suka fi tsallakewa shi ne auna giyar da ƙarfin injin, kuma a nan ne zaɓin yake warwarewa. Ɗauki Mazda MX-5, wadda ake ƙerawa tun 1989. Nauyinta ya ɗan haura tan guda, injinta mai lita biyu yana ba da ƙarfin doki 181. Don ka ji daɗinta dole ka yi aiki: ka shiga kwana a giya ta biyu, ka fita a ta uku, ka ɗan miƙe a ta huɗu, ka sake saukowa. Duk wannan kana yin sa ne a gudun da doka ta yarda da shi. Sandar giyar gajera ce, da wuyan hannu ake motsa ta. Sa wa irin wannan mota otomatik daidai yake da sayen doki ka ce sai dai wani ya riƙa ja maka linzami. Haka S2000, wadda injinta na farko yake juyi kusan 9,000 a minti, ƙarfinsa kuma yana can sama. In ba ka riƙe juyin a sama da giyar da ta dace ba, motar barci take yi.

Babbar mota kuwa wani labari ne. Porsche Cayman GT4 mai giyar hannu tana haura kilomita 120 a awa tun tana giya ta biyu. To a titin jama'a sau nawa za ka canza? Ka biya kuɗin giya shida, kana amfani da biyu. Inji mai turbo shi ma yana ba da ƙarfinsa tun daga ƙasa, ko wace giya kake ciki zai ja, don haka ladar zaɓen giya daidai ta ragu. Sannan da zarar ƙarfi ya kai doki 500, hannu biyu a kan sitiyari ba ƙaramin abu ba ne. Hukuncina a taƙaice shi ne, mota mara nauyi mai matsakaicin ƙarfi ta hannu ta fi dacewa da ita, mai nauyi da ƙarfin gaske kuma otomatik.

Duk wannan a takarda ne. Sai ka tuƙa. Ka nemi mota iri ɗaya mai giya biyun, ka bi hanya ɗaya da su a rana ɗaya in da hali, kuma ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka zo, don giya mai sanyi ba ta ɓoye ciwonta.

A mai giyar hannu, fara da zama. Taka kuloci har ƙasa ka ga ko ƙafarka ta kai ba tare da ka zame daga kujera ba. Saki a hankali ka ji inda yake kamawa. In sai can sama dab da ƙarshe ya kama, yawanci faifan ya kusa ƙarewa. Shiga giya ta biyu tun inji bai yi zafi ba. In ka ji ƙarar haƙora na gogar juna, zoben da ke daidaita gudun giya ya sha jiki, kuma gyaransa sai an sauke akwatin giya. Samu miƙaƙƙiyar hanya, sa giya ta biyar kana tafiya a hankali, ka danne totur. Idan allurar juyin inji ta haura amma motar ba ta ƙara gudu ba, kuloci yana zamewa. Daga nan gwada saukowa daga ta uku zuwa ta biyu kafin kwana. Gwanaye suna taka birki da yatsun ƙafar dama, su ɗan taɓa totur da gefen ƙafar ko diddige, don juyin inji ya dace da giyar da za a shiga, kada tayoyin baya su fizga. Duba ko tazarar birki da totur ta ba ka damar haka. Tun da Nissan 370Z ta kawo na'urar da ke yi wa direba wannan taɓin a 2009, motoci da dama sun bi sahu, kuma galibi ana iya kashe ta. Kada girman kai ya hana ka barin ta a kunne.

A mai otomatik, ka taka birki ka matsa daga P zuwa D, sannan zuwa ribas. Ya kamata ta shiga shiru, ba da bugu ba. Nemi tudu, tsaya, saki birki ka ga yadda take tashi. Gwada ajiye ta a ɗan matsattsen wuri, inda mai kuloci biyu ke nuna halinta na fizga. Sannan ka koma canjin hannu da mariƙan nan biyu na bayan sitiyari, na dama yana ƙara giya, na hagu yana ragewa. Abin lura shi ne ko tana jin maganarka. Wata in allura ta kai jan layi sai ta haura da kanta ko ba ka ce ba, wata kuma in ka nemi ta sauko sai ta yi jinkiri ko ta ƙi. Mai irin wannan hali ba za ta maye maka gurbin giyar hannu ba.

In ta hannu na biyu ce, ka bincika tarihinta. Babban haɗarin giyar hannu shi ne direba yana gudu ya nufi ta huɗu ya faɗa ta biyu. Tayoyi sai su tilasta wa inji juyin da ya wuce ƙarfinsa, kuma na'urar da ke taƙaita juyi ba ta iya hana wannan. Kwamfutar Porsche tana ajiye lissafin irin wannan wuce gona da iri, kuma masu saye a Turai da Amurka kan nemi a fitar musu da shi kafin su biya. Otomatik ba ta barin a yi wannan kuskure, nata ciwon yana wajen mai. DSG mai giya shida tana buƙatar sabon mai duk kilomita 60,000. BMW ta daɗe tana cewa man giyarta na har abada ne, ZF da ya ƙera giyar kuwa yana ba da shawarar a canza. Ni maganar maƙerin nake bi. Tambayi mai motar kai tsaye: "Alhaji, yaushe aka canza man giya, kuma ina takardar?" In ya fara kame-kame, ka rage farashi ko ka kama gabanka.

Ga wanda zai shigo da motar Kano ko Abuja ko Yamai, akwai ƙarin lissafi. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Nijar ma haka take tuƙi, don haka mai sitiyari a hagu za ka nema, daga Amurka ko Jamus, ba daga Ingila ko Japan ba. Sannan wa zai gyara? Kowane gogaggen bakanike ya san yadda ake sauke giya a canza faifan kuloci, ko da yake a motocin zamani farantin da kulocin ke kamawa mai ɓari biyu ne, kuma yana da tsada in ya tafi. Ƙwaƙwalwar giya mai kuloci biyu kuwa sai mai kwamfuta, sai an yi odar kaya, motar tana zaune makonni. Ka samo bakaniken kafin ka samo motar. Wajen sayarwa kuma kasuwa biyu ce. A waje tsofaffin Ferrari F430 masu giyar hannu sun fi takwarorinsu tsada nesa ba kusa ba, a gida kuwa mai kuɗin sayen irin wannan mota galibi otomatik yake tambaya.

Idan ta hannun ka zaɓa alhali hannunka bai faɗa ba, kada ka koya a kanta. Ari tsohuwar Golf ko wata ƙaramar mota ka yi ta tashi a kan tudu har ƙafarka ta saba. Ka kuma kiyaye abubuwa biyu da ke kashe kuloci da wuri: ɗora ƙafa a kansa kana tafiya, da riƙe mota da shi a kan tudu. In ka tsaya a danja, mayar da giya firi, ka cire ƙafar, ka ja hambirki.