Fataken Yahudawan Tarabulus da Kasuwar Kano a Farkon Mulkin Mallaka

Idan ana maganar baƙin 'yan kasuwa da suka yi tasiri a Arewacin Nijeriya, akasari akan ambaci Larabawan Gadamas, da Kwarori, da manyan kamfanonin Turawa. Ba safai akan tuna da Yahudawan Tarabulus ba. Ba su taɓa yin yawa a ƙasar Hausa ba, amma jarinsu ya daɗe yana yawo a kasuwar Kurmi, kuma ɗaya daga cikinsu ya girgiza cinikin gyaɗa a Kano.

A ƙarni na 19, babbar hanyar da ta haɗa Kano da kasuwannin Turai ita ce ta hamada. Ayarin raƙuma kan tashi daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas, da Gat, da ƙasar Azbin, da Damagaram, ya sauka Kano bayan tafiyar watanni. Yakan kawo yadin Manchesta, da takarda, da siliki, da duwatsun ado, sa'an nan ya koma da gashin jimina, da hauren giwa, da kirgi.

Irin wannan fatauci yana cin jari mai yawa, domin kuɗin da aka zuba kan yi shekara ko fiye kafin ya dawo. A nan ne gidajen kasuwanci na Yahudawan Tarabulus, irin su Arbib da Nahum, suka shigo. Suna da rassa a Manchesta inda suke sayen yadi daga tushe, kuma sun san masu sayen gashin jimina a Landan da Faris. Galibi ba su keta hamada da kansu. Sukan ba fataken Musulmi na Gadamas da Tarabulus kaya bashi, a yi lissafi idan ayari ya dawo. Su kuma fataken suna da wakilai mazauna Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa. Amana ce ke riƙe da wannan tsari, duk da bambancin addini da nisan ƙasa.

Cikin 'yan shekaru kaɗan wannan hanya ta mutu. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. A 1907 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a cikin Jihar Neja ta yau, ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga sufuri a 1912. A 1911 ɗin ne kuma Italiya ta mamaye Tarabulus. Kasuwar gashin jimina, wadda gonakin Afirka ta Kudu suka riga suka raunana wa fataken hamada, ta rushe baki ɗaya a 1914. Kayan da raƙumi ke kaiwa bakin teku cikin watanni, jirgin ƙasa ya koma kai su Ikko cikin kwanaki, a kan kuɗi kaɗan.

Turawa sun sa ran jirgin zai riƙa kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi kuma ana iya cinta idan shekara ta yi tsanani. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Fataken goro irin su Alhassan Dantata, da Umaru Sharubutu, da Maikano Agogo, su ne suka zama manyan masu sayo wa kamfanoni gyaɗa, domin sun riga sun mallaki jari da yara a ƙauyuka.

A wannan zamani ne Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, ya zo Kano ya zauna. Ya fahimci cewa arziki ya bar hamada ya koma tashar jirgi, saboda haka ya rungumi cinikin gyaɗa. Kasuwar kuwa tana hannun manyan kamfanonin Turawa, musamman UAC da aka kafa a 1929, waɗanda sukan haɗa baki a kan farashi da rabon kaso, don kada su yi gasa da juna. Raccah ya tsaya da ƙafarsa. Ba shi da ɗawainiyar ofisoshi da ma'aikata irin ta manyan kamfanoni, don haka yana iya ƙara wa mai gyaɗa kuɗi ya kuma ci riba. Kafin ƙarshen shekarun 1930 ya shiga sahun gaba na masu fitar da gyaɗa daga Nijeriya. Masanin tattalin arziki P. T. Bauer ya kawo labarinsa a littafinsa na 1954 a kan cinikin Afirka ta Yamma, a matsayin misalin yadda sabon mai saye ke karya haɗin bakin manya.

Yaƙin Duniya na Biyu ya taƙaita wannan gasa, domin gwamnati ta karɓi ikon sayen amfanin gona da ƙayyade farashi. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, 'yan kasuwa suka koma wakilai masu lasisi. Tsarin hukumomin ciniki ya ci gaba har 1986, lokacin da aka rushe shi.

Akwai darussa uku a nan ga ɗan kasuwa, ko a Kano yake ko a Suleja. Na farko, hanya ita ce ran ciniki. Idan ta sauya, wanda ya bi ta da wuri shi ke tsira, wanda ya tsaya jiran tsohuwar kuwa jarinsa ke narkewa. Mutanen Suleja sun ga haka da idonsu tun da aka zaɓi Abuja ta zama babban birnin tarayya a 1976, jama'a da kaya suka kwararo garin. Na biyu, wanda ya san mai saye na ƙarshe ya fi wanda ya san dillali kawai ƙarfin ciniki, kamar yadda gidajen Tarabulus suka riƙe bakin zaren a Manchesta da Landan. Na uku, bashin da ba shi da jingina sai amana yana ɗorewa ne muddin ana biya a kan lokaci, kuma ana rubuta lissafi.

Ga hukuma kuma, labarin Raccah ya nuna cewa manomi yana samun farashi mai kyau ne idan masu saye suna da yawa kuma suna gasa. Duk wata doka ko ƙungiya da ke toshe ƙofa ga sabon mai saye, daga aljihun manomi ake biyan kuɗinta.