ZAFIN INJI A TSOHUWAR MOTA MAI AIKI DA FETUR DA LANTARKI

A shekarar 1997 ne kamfanin Toyota ya fara sayar da motar Prius a ƙasar Japan, wato mota mai tafiya da injin fetur tare da ƙarfin batir. Yawancin irinta da ke shigowa Nijeriya na hannu ne, sun riga sun ci dogon zango. Lalle ne mai irin wannan mota ya san cewa zafin inji na iya kashe ta cikin 'yan mintoci kaɗan, kuma gyaranta ya sha bamban da na motar da aka saba.

YADDA TAKE SANYAYA KANTA

Hanyoyin ruwa biyu gare ta, kowace da tankinta da famfonta. Ɗaya tana sanyaya injin fetur, ɗayar kuwa tana sanyaya na'urar da ke sarrafa wutar batir, wadda kanikawa ke kira inbata. A samfurin 2004 zuwa 2009 bel ne ke juya famfon ruwan injin, amma a na 2010 zuwa 2015 lantarki ne ke juya shi. Waɗannan motoci ba su da allurar awon zafi a gaban direba, fitilar gargaɗi kaɗai ke sanar da shi.

ABIN DA DIREBA ZAI YI

Da zarar fitilar ta kama, sai direba ya ratse gefen hanya ya kashe motar ɗungum. Shirun injin ba ya nuna a kashe take, domin muddin alamar READY tana haske, injin na iya tashi da kansa. Kada a buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sarai, saboda ruwan yana matse, zafinsa kan wuce digiri 100, yana iya sale fuska da hannu. Haka kuma kada a taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo, gama wutar batirin ta haura bolt 200.

INDA ZA A NEMI CUTAR

1. A duba yawan ruwan tankunan biyu, sa'an nan a bi tiyo da lagireto da gindin famfo ko akwai yoyo.

2. A duba fuskar lagireto. Ƙurar hunturu da ciyayi da ƙwari sukan toshe ta, iska ta kāsa wucewa.

3. A kunna na'urar sanyaya ɗaki a ga ko fankokin lagireto suna juyawa. In ba su juya ba, a fara da fiyus da waya kafin a sayi sabuwar fanka.

4. A kunna motar a leƙa tankin inbata. Idan famfonsa na aiki za a ga ruwan yana motsi. In ya kwanta lif, famfon ne ya mutu.

5. A sa bakanike ya jona na'urar binciken kwamfuta, domin motar tana ajiye bayanin abin da ya lalace.

Idan ruwa na raguwa ba a ga yoyo ba, injin yana karkarwa da safe, farin hayaƙi na fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, to gasket ɗin kan injin ya ƙone. Wannan ya fi aukuwa a samfurin 2010 zuwa 2015 da ya tsufa, musamman idan baƙin toka ya toshe bututun da ke mayar da hayaƙi cikin injin. Wanda ya canja gasket bai wanke wannan bututu ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Waɗansu sukan cire tamostat wai don ƙasarmu tana da zafi. Yin haka yana hana injin kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai, cutar kuwa tana nan. Waɗansu kuma sukan zuba ruwan rijiya, wanda ke kawo tsatsa da gishiri su toshe lagireto. Ruwan sanyi mai launin hoda shi kamfanin ya tanada. Ana canja na injin bayan kilomita 160,000 na farko, daga nan kuma kowane kilomita 80,000. Bayan an zuba sabo, wajibi ne bakanike ya fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan, in ba haka ba zafin zai dawo.

Rigakafi ya fi magani. Mai motar da ke duba tankunansa biyu kowane mako da safe, kafin ya kunna, ya tsare injinsa da aljihunsa da lafiyar waɗanda ya ɗauka.