Suna Linzami: Yadda A Ke Faɗin Sunayen Mutanen Filandas

Duk wanda ya taɓa leƙa gidajen kallon ƙwallo na garin Bauchi, daga Wunti har zuwa Yelwa, ya ji sunan nan De Bruyne a bakin samari. Wani ya ce Dibirin, wani ya ce Diburun, kowa kuwa in ka tambaye shi sai ya ce daga bakin Baturen da ke ba da labarin wasan ya ji. To, amma shi Baturen Ingila ɗin baƙo ne ga sunan, kamar yadda mu ke baƙi gare shi. Tun da ya ke yawancinmu za mu fita mu koyar da Ingilishi, ko tarihi, ko labarin ƙasa, kuma sunaye irin wannan suna jiranmu a cikin littattafai, ya kamata mu san dokar faɗinsu.

Su wane ne mutanen Filandas?

Beljiyam ƙaramar ƙasa ce a Turai, tsakanin Faransa da Holan da Jamus. Ta sami mulkin kanta a 1830, mutanenta sun haura miliyan 11. Harsuna uku hukuma ta ke aiki da su, Holanci da Faransanci da Jamusanci. Arewacin ƙasar shi a ke kira Filandas, mutanensa kuwa Ingilishi ya kan kira su Filemish, su ne wajen kashi 60 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Harshensu Holanci ne, sai dai da karin lafazi nasu, kamar dai yadda Hausar Sakkwato ta ke da ta Kano. Manyan garuruwansu su ne Antwerpen da Gent da Brugge. A ƙungiyar ƙwallon Brugge ne Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, ya yi wasa daga 1990 zuwa 1994.

Haruffa ɗaya, doka daban

Ga tushen darasin. Haruffan boko aro ne ga kowa, daga Rumawa a ka samo su, kowace al'umma kuwa ta ɗora musu muryoyin harshenta. Mu dubi harafin c. Bahaushe ya kan faɗe shi kamar a cikin ciki, Baturen Ingila kuwa wani lokaci k ya kan mai da shi, wani lokaci s. Saboda haka ne da Turawa su ka zo rubuta sunan garin nan sai su ka ƙara h, Bauci ta zama Bauchi, don bakinsu ya kama.

Kuskuren mai jin Ingilishi shi ne ya zaci duk abin da a ka rubuta da boko da dokar Ingilishi a ke karanta shi. Abin mamaki kuwa, in ka karanta sunan Filemish da dokar Hausa, sau da yawa ka fi Baturen Ingila kusa da daidai, domin wasulansu sun fi kama da namu. Ga dokokin, a rubuta su a littafin aiki:

1. In ka ga wasali biyu iri ɗaya, ja shi kawai. oo kamar o ta ƙofa ce, ee kamar e ta tebur. Hugo Broos, wanda ya ci wa Kamaru kofin Afirka a 2017, sunansa Broos ne da doguwar o. Mai jin Ingilishi shi kan ce Brus. Peeters kuwa Peetars ne, kada a ce Pitas.

2. ae doguwar a ce, irin ta rana. Maes sai a ce Maas.

3. ie doguwar i ce, irin ta kifi. Dries sai a ce Driis. oe kuwa u ce irin tamu, watau De Boeck Da Buk ne.

4. j tana daidai da y tamu. Jan Vansina, malamin nan da ya wallafa littafi a 1961 a kan yadda a ke tattara tarihi daga bakin dattawa, Yan a ke kiransa. Janssens kuma Yansans.

5. ij da ei da ey, har da y ta cikin tsofaffin sunaye, duk murya ɗaya ce, mai kama da ai ta laifi in mun faɗe ta da sauri, ta karkata wajen ei. Mai zanen nan Van Dyck, wanda a ka haifa a Antwerpen a 1599, ya koma Ingila aiki a fadar Sarki a 1632, Turawan Ingila Daik su ke ce masa, mutanen garinsu kuwa Deik.

6. g da ch daga maƙogwaro su ke fitowa. A nan wanda ya yi makarantar allo ya tsere wa Bature, domin g ɗinsu ta yi kusa da غ ta Larabci, ch kuwa da خ. Haka za a fara sunan garin Gent. sch a farkon kalma s ce da خ a jere, ba sh ba ce. Kogin Antwerpen, Schelde, da haka ya ke farawa.

7. w ta mutanen Filandas irin tamu ce, r kuwa a kan faɗe ta duk inda ta zo, ba a haɗiye ta a ƙarshen kalma kamar yadda Turawan Ingila su ke yi.

8. e ta ƙarshen suna ba ado ba ce, a kan faɗe ta, gajeriya, kamar a ta kalmarmu da. De kansa haka ya ke, Da ne, ba Di ba.

Watakila wani zai tambaya, don me su ke rubuta ae da uy da ck, alhali littattafan Holanci na yanzu aa da ui da k su ke rubutawa? Dalili shi ne Faransa ta haɗe ƙasar a 1795, ta kafa rajistar haihuwa da aure. Yadda a ka rubuta sunan kowane gida a lokacin haka ya tsaya. Daga baya an gyara ƙa'idar rubutun harshen, amma ba a taɓa sunaye ba.

To, yanzu mu koma ga De Bruyne

Kevin De Bruyne, wanda ya yi wa Manchester City wasa daga 2015 zuwa 2025, sa'an nan ya koma Napoli, mutumin yankin Gent ne. Sunansa gaɓa uku ne, nauyin murya yana kan ta tsakiya. Gaɓar farko da ta ƙarshe mun riga mun san su daga doka ta 8. Wuyar tana ga uy, domin babu irin muryar nan a Hausa, babu ta a Ingilishi. Ga yadda a ke yinta: ka shirya harshenka kamar za ka ce e, ka tara leɓɓanka kamar za ka ce o, ka saki murya, sa'an nan ka ƙara tsuke leɓɓan kaɗan kamar mai shirin yin fito. Abin da zai fito yana tsakanin au da oi.

In ya gagara, ba laifi. Mai jin Ingilishi ba a ɗora masa ya karya harshensa ba. Ya ce Da Broina ko Da Brauna, duk mai sunan zai waiwayo. Abin da ba a so shi ne a yar da gaɓar ƙarshe, ko a ɗora nauyi a kan De.

Inda harshenmu ya kan zame

Kada mu yi ta dariyar Bature mu manta da namu. Bahaushe ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali tsakani, shi ya sa mu ke da burodi da direba. Wannan daidai ne ga kalmar da mu ka ara ta zama tamu, amma sunan mutum ba mu are shi ba. Har wa yau ba mu da v, mu kan mai da ita b, har ɗan wasan fim ɗin nan Van Damme ya zama Bandam a bakin yara. A ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a saki murya. In ba a iya ba, f ta fi b kusa.

Ma'anar sunayen

Sanin ma'ana ya kan taimaka wajen riƙe suna, kuma a nan za mu ga ashe al'adarsu ba ta yi nisa da tamu ba. Van ma'anarsa daga, ko na, watau Van Damme mutumin garin Damme ke nan, kamar yadda mu ke cewa Aminu Kano ko Shehu Shagari. De kuwa ya kan zo gaban sana'a ko kama. De Smet Maƙeri ne. De Wever, sunan wanda ya zama Firayim Ministan Beljiyam a 2025, Masaƙi ne. De Bruyne mai launin ƙasa-ƙasa ne, kusan abin da mu kan nufa da Jatau. Peeters ɗan Peter, Janssens ɗan Jan. Mercator, wanda ya fitar da taswirar duniya a 1569, wadda har yanzu a kan ga irinta a bangon aji, sunan gidansu Kremer, watau ɗan koli, shi ne ya juya shi zuwa Latin bisa al'adar malaman zamaninsa.

Dokar da ta fi dukan dokoki

Ba kowane ɗan Beljiyam ke da sunan Filemish ba. Eden Hazard daga kudu ya ke, da dokar Faransanci a ke faɗin nasa, Azaar. Shi Van Damme ɗin ma, ko da ya ke sunan na Filemish ne, a Brussels ya tashi cikin Faransanci, Van Dam ya ke kiran kansa, ba Van Damma ba. Saboda haka in mai suna yana kusa, ko a na iya jin muryarsa a rediyo ko intanet, yadda ya faɗa shi ne daidai. Matambayi ba ya ɓata.

Mu mun san zafin abin. Sakkwato ta zama Sokoto a taswira, Haɗeja ta zama Hadejia. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya koyar a Midil ta garin nan, kuma a nan kabarinsa ya ke, duniya ta rubuta sunansa da b marar ƙugiya, har wasu yaranmu sun ɗauka haka ya ke. Kowane ɗan aji ɗaya kuwa ya san baki daban, baƙi daban.

Gobe za a miƙa maka rajistar aji a wani gari na Jihar Bauchi, inda harsuna su ka yi yawa. A ciki akwai sunan Bafillace, da na Basayi, da na Bajari, watakila har da na yaron da iyayensa su ka zo daga kudu. In ka karanta su duka da dokar Hausa, ka yi musu abin da Bature ya yi wa De Bruyne. Aji zai yi dariya, sunan banza ya bi yaron har ya gama makaranta, wani ma ya daina ɗaga hannu. Malamin kirki ya kan tambayi kowane yaro sunansa ran farko, ya maimaita har yaron ya yarda, ya rubuta lafazin da fensir a gefen rajista.

Aikin gwaji

1. Rubuta waɗannan yadda a ke faɗinsu, ka nuna dokar da ka bi: Claes, Joos, De Groote, Van Eyck, Goossens.
2. Kawo sunayen garuruwa biyar na ƙasar Hausa da rubutun taswira ya saɓa wa lafazin mutanensu.
3. A lokacin koyon koyarwa, tattara sunaye goma na yaran ajinka waɗanda ba na Hausa ba ne, ka tambayi ma'anarsu, ka kawo su aji mu faɗe su tare.