Ambaliyar Fadamar Haɗejiya da Nguru: Ruwan Ba Daga Kamaru Yake Zuwa Ba

Fadamar Haɗejiya da Nguru shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce inda kogin Haɗejiya da na Jama'are suke rarrabuwa zuwa ƙananan rassa, kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Ambaliya ba baƙuwa ba ce a nan, da ita ake noman shinkafa da kamun kifi da kiwo. Abin da ya sauya shi ne ruwan sama mai sauka da yawa cikin 'yan kwanaki, kamar yadda aka gani a 2022, ya tarar da hanyoyinsa a toshe.

Duk damunar da ruwa ya ci gonaki a Auyo ko Guri ko Kirikasamma da ke jihar Jigawa, sai a ji wai Kamaru ce ta buɗe madatsar Lagdo. Har masu ilimi suna maimaita wannan magana, alhali ba ta da tushe. Lagdo tana kan kogin Binuwai ne. Ruwanta yana ratsa Adamawa da Taraba da jihar Binuwai, ya haɗu da kogin Neja a Lokoja, ba shi da hanyar da zai haura zuwa Jigawa. Ruwan Haɗejiya daga wajen Kano yake gangarowa, ta madatsun Tiga da Challawa. Illar jita-jitar ita ce mutane su naɗe hannu suna zargin wata ƙasa, matsalar kuwa tana bakin gonarsu.

Matsalar ita ce kacala. Tun da madatsun suka sa ruwa ke gudana rani da damina, wannan ciyawa ta kafu a rassan kogin, tana tare laka, tana kuma ba tsuntsayen jan-baki mafaka. Ana rage ta da aikin gayya, a yanke ta ƙasa da saman ruwa domin kututturen ya nutse ya ruɓe. Yankan da aka yi sama da ruwa tohowa yake yi.

Babban kashedi yana kan jinga. Ƙauyen da ya gina tasa shi kaɗai, ko manomin da ya fasa gaɓar kogi don ya ja ruwa gonarsa, maƙwabtansa na ƙasa yake tura wa ruwan. Ginin jinga sai da shawarar dukkan garuruwan da ke kan reshe ɗaya.

A gonakin da ruwa ke kwanciya, irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 yana jure nutsewa kusan mako biyu. Hatsi da dabbobi kuwa a kai su tudu da zarar hasashen ambaliya na hukumar NIHSA ya ambaci ƙaramar hukumar da suke ciki, tun kafin Agusta.